Yadda ido da ƙwaƙwalwa ke haɗa hannu a lokacin karatu

Ka tsaya gaban madubi, ka kalli idonka na dama, sannan ka mayar da kallo kan na hagu. Yi haka sau da yawa. Ba za ka taɓa ganin idanunka suna motsi ba, alhali wanda ke tsaye kusa da kai yana ganin motsinsu sarai. A ɗan lokacin da ido ke tafiya, ƙwaƙwalwa tana danne abin da yake aiko mata, sai ta ɗinke ɓarakar yadda ba za ka lura ba.

Haka ido yake karatu. Muna jin kamar yana sulalewa a kan layi, amma tsalle yake yi: ya dira, ya tsaya, ya sake tsalle. Tun wajen 1879 aka bayyana wannan a ɗakin binciken wani likitan ido Bafaranshe, Louis Émile Javal. Kowace tsayuwa tana ɗaukar milisakan 200 zuwa 250, wato kusan rubu'in sakan. Tsallen kansa milisakan 20 zuwa 40 ne, kuma a rubutun Ingilishi yakan haye haruffa 7 zuwa 9. A lokacin tsayuwa kaɗai ake ɗaukar rubutu.

Me ya sa sai an yi tsallen? A bayan ƙwayar ido akwai tantanin da ke karɓar haske, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan gurbi, cibiyar gani, inda kaɗai ake ganin abu tangaran. Miƙa hannunka ka dubi babban yatsanka. Faɗinsa kusan shi ne iyakar abin da cibiyar nan ke ɗauka, digiri 2 kacal. Da ka fita daga nan, haruffa sun fara dishi-dishi. Don haka tsokoki shida da ke juya kowane ido dole su riƙa kai cibiyar kan kalma bayan kalma.

A 1975, George McConkie da Keith Rayner sun auna yawan rubutun da mai karatu ke amfana da shi a tsayuwa ɗaya. Sun haɗa na'urar bin sawun ido da allon kwamfuta, ta yadda haruffan da ke kewaye da inda ido ya dira ne kawai na gaske, sauran kuwa an musanya su da na bogi. Suna faɗaɗa wannan tagar ta haruffan gaske suna rage ta har suka gano inda karatu ke fara tangarɗa. Daga wannan aiki da waɗanda suka biyo shi aka san cewa mai karanta Ingilishi yana cin moriyar haruffa 3 zuwa 4 a hagu, da 14 zuwa 15 a dama. Masu karanta Ibrananci da Larabci, da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, tasu tagar ta fi buɗewa ta hagu. Ke nan ba ginin ido ne ya karkatar da ita ba, hankali ne ke riga ido zuwa inda za a nufa.

Ga inda lissafin yake da wuya. Kafin ido ya yi tsalle, ƙwaƙwalwa na buƙatar kimanin milisakan 150 zuwa 175 don ta shirya umarnin da za ta aika wa tsokoki. Tsayuwar gaba ɗaya kuwa galibi ba ta fi milisakan 250 ba. Idan aka ce sai an gama fahimtar kalma kafin a fara shirin tafiya, lokacin ba zai isa ba. Shi ya sa ɗaya daga cikin fitattun bayanan masana ke cewa da zarar ƙwaƙwalwa ta ji alamar ta san kalmar, sai ta ba da umarnin tashi, ta ƙarasa ciro ma'anar yayin da ake shirin tsallen. In lokaci ya ragu, hankali ya leƙa kalma ta gaba. Wannan leƙen yana rage wa tsayuwa ta gaba milisakan 30 zuwa 50. Idan kuma kalmar gajeriya ce ko an riga an hango ta, sai a tsallake ta ɗungurungum. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomi ido ba ya dira a kansu, musamman ƙanana irin su da, na, a. Abin da ya sa mutum ke karanta rubutunsa sau uku bai ga ya maimaita kalma ba ke nan.

Gane siffar kalma aikin wani yanki ne a ƙasan ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, ta wajen baya, wanda Laurent Cohen da Stanislas Dehaene suka yi bayaninsa a 2000. Ba a haifi kowa da shi a matsayin wurin karatu ba, koyo ne ke mayar da shi haka.

Daga nan sai ajiya, kuma iri biyu ce ke aiki. Akwai ta dindindin, inda kalmomin da ka sani da abin da ka sani game da duniya suke. Kalmar da ka saba da ita tana fitowa nan take, baƙuwa kuwa tana riƙe ido. Akwai kuma ta wucin gadi, mai riƙe farkon jimla har a kai ƙarshenta. Wannan ƙarama ce ƙwarai, abubuwa kamar huɗu take iya riƙewa lokaci guda, kuma sautin kalmomin da ke cikinta yakan dusashe cikin kimanin sakan 2 in ba a maimaita ba. Muryar nan da kake ji a ka idan kana karatun zuci tana taimaka wa wannan riƙon. A ƙarshen jimla ido yakan ɗan ƙara jinkiri, ana ƙulle ma'anar kafin a saki kalmomin.

Ajiyar dindindin ba ta jira a tambaye ta, hasashe take yi. Karanta wannan: ta kunna fitila saboda ɗakin ya yi… Ka riga ka ce duhu. Da za a sa takalmi a wurin, na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa za ta nuna wani sauyi kimanin milisakan 400 bayan bayyanar kalmar. Marta Kutas da Steven Hillyard ne suka gano shi a 1980, ana kiransa N400.

Mai hasashe dole wata rana ya yi kuskure. Duba wannan jimlar a allo: sun kama ɓarawon akuya da igiya a wuyanta. Da ka iso "da igiya", wataƙila ka ɗauka da ita aka kama ɓarawon. Sai "wuyanta" ta rushe ginin, domin igiyar tana wuyan akuya. A irin wannan gurbi ido yakan daɗe, sannan ya waiwaya baya. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tsallen ƙwararren mai karatu na komawa baya ne. Wasu gyaran sauka ne kawai, ido ya zarce inda aka nufa. Wasu kuwa gyaran fahimta ne.

A nan ne tallan koyon karatu cikin sauri ke da rauni. Ana cewa ka daina waiwaye, ka kashe muryar zuci, ko ka yi amfani da manhajar da ke haska kalmomi ɗai-ɗai a wuri guda. A 2014 Elizabeth Schotter da abokan aikinta sun riƙa rufe kowace kalma da zarar ido ya wuce ta, sai fahimta ta ragu. Manhajar da ke haska kalmomi ɗai-ɗai kuwa tana hana leƙen gaba da waiwaye duka biyun. Matsakaicin saurin baligi a karatun zuci na Ingilishi kalmomi 238 ne a minti, bisa nazarin Marc Brysbaert na 2019. Wanda ya ninka wannan sau uku yana tsintar kanun magana ne, wanda ke da amfaninsa, amma wani aiki ne daban.

Akan samu matsala ta wata fuskar ma. Wani lokaci hankali ya tafi wani wuri, ido na ci gaba da tsalle har ƙasan shafi. Na'ura tana iya kama wannan, domin tsayuwar ido ta rage bambanta kalma mai wuya da mai sauƙi. Layi mai tsawo sosai shi ma yana kawo cikas: dogon tsallen komawa farkon sabon layi yakan gaza kaiwa, sai an ƙara ɗan tsallen gyara, wani sa'in ma a faɗa layin da ba shi ba. Masu tsara littafi sukan tsaya tsakanin haruffa 50 zuwa 75 a layi.

Yaron da karatu ke ba wuya kuwa, za ka ga idonsa na yawan tsayawa, tsallensa gajere, waiwayensa da yawa. Galibi wahalar haɗa harafi da sauti ce ke jawo haka, ba tsokar ido ba. A fara kai shi a duba lafiyar ganinsa. In gani lafiya lau ne, atisayen juya ido ba zai warware matsalar ba, sai a mayar da ƙarfi kan koyar da sautukan haruffa da yawan karanta rubutun da ya dace da matakinsa.