Me Ya Sa Nas Ba Ta Shigowa Duk Lokacin Da Aka Kira Ta?

(Hoto: waya a hannun wata dattijuwa, saƙon murya na tafiya)

Irin wannan saƙon ya zaga wayoyinmu daga Bichi har Kazaure. Uwa ce ke kuka, an killace ɗanta mai mashaƙo, yana ta kira nas ba ta shiga ba. Wai ƙyamarsa ake yi. Na saurare ta, kuma wallahi ban ga laifinta ba.

Mashaƙo dai mun san shi. A 2023 babu jihar da ya yi wa ɓarna kamar Kano. Tari da atishawa ke yaɗa shi, ya shimfiɗa wata fata mai launin toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura. Shi ya sa ake ware ɗaki.

To, ku tsaya nan, ku kalli bakin ƙofar.

(Hoto: nas tana shiri, kar a yanke)

Ta wanke hannu. Ta zura riga. Takunkumi. Gilashin kare ido. Safar hannu.

Yanzu fitowa. Cirewar ta fi sakawa wuya, don duk ɓangaren waje na kayan da ta saka ya riga ya ɗauki cuta. A hankali take tuɓe safar, ta naɗe rigar ta mai da cikinta waje, ta jefa a kwandon shara, ta sake wanke hannu. Yawancin kayan nan ba a maimaita su. Ga zafin watan Afrilu, zufa har cikin takalmi.

Saboda haka sai ta tara ayyuka a shiga ɗaya: magani, auna zafin jiki, sauraren numfashi, ruwan sha, canjin zanen gado. Macen da rijiya ta yi wa nisa ai ba ta zuwa don kofi ɗaya, da tulu take tafiya.

Amma iyaye, ku ji wannan da kyau. In numfashin yaro ya fara ƙara, ko ya kasa haɗiye yawu, kar ku ce "a zo a duba shi". Ku ce, "Malama, numfashinsa ya canza." Wannan ba ya jiran lokacin zagaye.

(Hoto: idon yaro daga kan gado)

Ma'aikatan jinya, ku ma ina da magana da ku. Shi yaron nan idanu kawai yake gani, kamar dodon da ake ba shi tsoro da shi a tatsuniya. Ki ce masa, "Sannu ɗana, ni ce ta jiya, zan dawo bayan La'asar." Ki dafa kafaɗarsa ko da safa ne. In kin fito, ki tsaya minti ɗaya ki faɗa wa uwar ko ya sha koko.

Bayan awa 48 da fara maganin kashe ƙwayar cutar, galibi yaro ba ya yaɗa ta kuma, amma shan maganin sai ya cika kwana 14. 'Yan gidansu kuma su zo a duba su, a ba su magani da rigakafi.