Kujerar Panton: Kujerar Robar Da Ta Wahalar Da Masana'anta Shekara Kusan 40

Assalamu alaikum jama'a. Yau labarin wata kujera na kawo muku. Ba ta da ƙafar baya, ba kusa ko ɗaya a jikinta, ba a haɗa komai da komai ba, roba ce guda ɗaya ta lanƙwaso tun daga wajen jingina har ƙasa, siffar harafin S. Sunanta Panton, sunan wanda ya zana ta, Verner Panton, mutumin ƙasar Denmark da aka haifa a 1926.

Toh shi wannan bawan Allah tun yana saurayi ya yi aiki a ofishin Arne Jacobsen, babban mai zanen gine-gine na ƙasarsu, daga 1950 zuwa 1952, can ya ga yadda ake lanƙwasa katako a fitar da kujera. Amma shi hankalinsa na kan roba. Yana so a zuba abu a mazubi sau ɗaya, a buɗe, kujera ta fito a gama, kamar dai yadda ake buga bulo. Zuwa wajen 1960 ya riga ya samu samfurin siffar da yake so, ya dinga yawo da shi kamfani-kamfani a Turai ana ce masa malam wannan ba mai yiwuwa ba ne. Kuma fa ba sharri suke masa ba. Kujerar da ba ta da ƙafar baya, duk nauyin mutum a kan wannan lanƙwasar ta gwiwa yake sauka, idan robar ba ta da ƙarfi nan za ta tsage, idan kuma aka yi ta da kauri sosai ta yi nauyi ta yi tsada.

Sai a 1963 ya dace da kamfanin Vitra na iyalan Fehlbaum, kusa da birnin Basel a Suwizalan. Har ya tattara ya koma Basel da zama. Shekara huɗu suna gwaji suna fasawa, sai a 1967 aka fitar da rukunin farko, kusan guda 150 kacal, da roba mai haɗe da zaren gilashi. Ta yi kyau a hoto, amma nauyi gare ta kuma kowacce sai an bi ta da hannu an goge.

A 1968 suka canza zuwa wani kumfa mai tauri na kamfanin Bayer da ake kira Baydur. Nan aka fara yi da yawa, ana sayarwa ƙarƙashin sunan kamfanin Herman Miller na Amurka. Matsalar dai tana nan, kujera ta fito daga mazubi sai an cike ramuka, an goge, an fesa fenti, wato aikin hannun da ake gudu shi ake ta yi, kuɗi na tafiya.

Yanzu ga inda labarin ya yi zafi. A 1971 suka koma wata roba ta kamfanin BASF mai suna Luran S, wadda ake narkawa inji ya tura ta cikin mazubi da ƙarfi, kalar ma a cikin robar take ba sai an yi fenti ba. Kowa ya ce shikenan an huta. Sai dai dole aka ƙara wasu haƙarƙari a ƙarƙashin mazaunin don ya yi ƙarfi, kuma ashe robar ba ta jure tsufa da rana, bayan 'yan shekaru ta bushe ta fara karyewa da mutane a kai, sunan kujera ya ɓaci, a 1979 aka dakatar da yin ta gaba ɗaya. Ni a ganina gaggawar neman arha ce ta jawo wannan, zanen ba shi da laifi.

A 1983 wani kamfanin Jamus mai suna Horn ya dawo da ita da wancan kumfa mai tsada, daga 1990 kuma Vitra ta sake karɓar aikin. Hotonta da aka buga a bangon mujallar Vogue ta Ingila a 1995 ya ƙara mata farin jini.

Robar da ta warware matsalar ita ce polypropylene, dangin wadda ake yin kujerun robar nan da muke haya a gidan biki da wajen taro. Tana da sauƙi, tana ɗan lanƙwasawa ba ta karye ba, kuma inji na gama ta a zubi ɗaya. An yi aikin sabon samfurin tare da Panton ɗin, amma ya rasu a watan Satumba 1998, kujerar ta shiga kasuwa a 1999. Abin da ya nema tun 1960 bai ga fitowarsa ba.

Yau iri biyu Vitra ke yi. Mai sheƙi kamar fentin mota ita ce Classic, ta kumfa mai tauri, ita ce mai tsadar. Wadda ba ta sheƙi ita ce ta polypropylene. Idan kuma kun ci karo da tsohuwa, ku kifa ta ku leƙa ƙarƙashin mazaunin, in kun ga haƙarƙarin nan to ta shekarun 1970 ce, masu tara kayan tarihi na nemanta, amma don Allah kar a ba baƙo ya zauna a kai.