Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Tulunan Pueblo

Jama'a, lokaci ya ja, ga wasiƙu sun taru a kan tsofaffin tulunan ruwa na mutanen Pueblo, 'yan asalin ƙasa da ke jihohin New Mexico da Arizona a Amurka. Sai mu hanzarta.

Wani ɗalibi daga Maraɗi yana tambaya ko da inji ake gina su. A'a, samari, aikin hannu ne. Ana murza yumɓu dogo-dogo, a riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye, a goge da dutse, sannan a gasa da busasshen kashin tumaki ko na shanu.

Wata Hajiya daga zangon Kumasi ta ce wane irin fenti ne ba ya gogewa haka? Hajiya, ba na kanti ba ne. Ja daga ƙasa ake samunsa. Baƙin kuwa wata ciyawa ake dafawa har ruwanta ya yi kauri, wasu garuruwan su haɗa da niƙaƙƙen dutse. Abin zanen ganyen wani tsiro ne da ake kira yuka, a tauna bakinsa kamar asuwaki. Kuma kafin a gasa ake zanen, wuta ce ke kama shi.

Yanzu ga wadda ta fi yawa, daga Kano, Damagaram, har Garwa. Kun ga layin da ya kewaye wuyan tulu bai haɗe ba, an bar ɗan giɓi, kuna tambayar dalili. Wani ma ya ce sakaci ne. Haba Malam, macen da ta ja layuka siri-siri ba kuskure, ita ce za ta kasa haɗa baki ɗaya? Malama, ke kika karanci abin, bismillah.

"To, ai kowane gari da hannunsa. In ka ga barewa da jan layi daga baki zuwa zuciya, wannan aikin garin Zuni ne. Garin Acoma kuma aku da bakan gizo, ga tulunsu marar kauri, don suna niƙa tsingaron tsofaffin tukwane su zuba a yumɓu. Waɗannan layukan da ake jerawa kusa-kusa, ruwan sama ake nufi, ƙasar ai busasshiya ce. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1880 sai baƙi suka fara saye..."

Malama, giɓin dai, giɓin.

"Af, da gangan ne. Magina da dama na cewa hanya ce aka bar wa ruhi ya fita, kada a rufe shi ciki. Amma bayanin ya bambanta daga gari zuwa gari, wasu kuma ba sa faɗa wa baƙo."

To kun ji. In sake maimaitawa: da gangan ake barinsa, ba mantuwa ba ce, ba ƙarewar fenti ba ce. Ni dai a ganina, wanda ya ƙi faɗa ya fi burge ni, ba kowane abin gida ake kaiwa kasuwa ba.

Ta ƙarshe daga Njamena, rubutun da ƙyar na karanta, don Allah a riƙa gyara hannu. Ana tambaya ko tutar New Mexico na da alaƙa da tulunan nan. Eh, hoton ranar da ke kan tutar tun 1925 alamar mutanen Zia ce, ɗaya daga garuruwan Pueblo, daga jikin wani tulunsu aka ɗauko ta. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.