Katsalandan na Igiyoyin Lantarki: Daga Lasifikar Masallaci Zuwa Tsuntsaye

Duk wanda ya taɓa zama kusa da lasifika a wani masallaci a Tudun Wada ko Sabon Gari ya san ƙarar nan mai kama da kukan gyare, wadda takan tashi jim kaɗan kafin kira ya shigo wayar wani. Abin da ke faruwa shi ne, wayar salula mai tsarin GSM tana aika saƙonta ta igiyoyin rediyo masu ratsa iska, guntu-guntu, sau 217 a cikin daƙiƙa ɗaya, kebul ɗin makirfo kuwa sai ya kama waɗannan igiyoyi tamkar eriya, ya miƙa su ga amfilifaya, ita kuma ta ƙara musu ƙarfi har su iso kunnuwanmu. Wannan shi ne katsalandan na igiyoyin lantarki da maganaɗisu.

Duk inda lantarki ya yi tartsatsi, igiyoyi sun bazu. Filogin babur, injin walda da janareta duk suna haifar da su, haka ma walƙiya, shi ya sa mai sauraren rediyo a gajeren zango yake jin ƙarce-ƙarce da damina tun hadari yana nesa. A nan Zariya batun ya wuce na rediyon gida, domin a Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964, ɗalibin da ke sama ya dogara ne da muryar da ke zuwa masa daga hasumiya, kuma kalma ɗaya da ta ɓace a cikin ƙara tana iya jawo haɗari.

Rana ma tana yin nata. A watan Satumban 1859 wata guguwar maganaɗisu daga rana ta sa wayoyin tangarahu suka riƙa tartsatsi a Turai da Amurka, sannan a ranar 13 ga Maris, 1989, irinta ta jefa lardin Kwibek na ƙasar Kanada cikin duhu har kimanin awa tara.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na tsuntsaye. A 2014 masu bincike a Jami'ar Oldenburg ta Jamus suka bayyana cewa wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da ake kira robin, wanda ke gane alƙiblarsa ta hanyar maganaɗisun ƙasa idan zai yi ƙaura, ya kasa gane arewa a cikin bukkokin katako da ke harabar jami'ar. Igiyoyin da suka rikita shi masu rauni ne ƙwarai, irin waɗanda na'urorin yau da kullum da tashoshin rediyo ke fitarwa, mutum ba ya jin su ko kaɗan. Da aka lulluɓe bukkokin da farantan alminiyam, aka haɗa su da ƙasa, sai tsuntsayen suka sake juyawa suna fuskantar inda ya kamata su dosa.