Kafin Ka Sayi Monita Mai 4K, Fara Tambayar Kwamfutarka

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa sauka a ƙarƙashin gadar Ikeja ya nufi Computer Village ya san yadda abin yake. Tun kafin ka shiga layin Otigba ana jan hannun rigarka, kana cewa monita kake nema za a ce maka akwai 4K. Ka shiga shago, a kunna maka bidiyon tsuntsaye da furanni, launi tar kamar ka kai hannu ka taɓa. Ranka ya biya, ka fara lissafin abin da ke asusunka. To a nan nake so ka ɗan dakata, domin monita ba ya zana hoto. Kwamfutarka ce ke zanawa, shi nunawa kawai yake yi. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Ƙanena da muke zaune tare a Agege ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya je ya sayo mai 4K, inci 27, sabo a kwali. Da daddare ya jona da tsohuwar laftof ɗinsa, sai na ji yana kirana: "Yaya, zo ka ga, kibiyar nan kamar tana ɗingishi." Ya motsa linzamin kwamfutar, kibiyar tana tafiya tana tsayawa. Monitan lafiyarsa ƙalau. Ramin HDMI na laftof ɗin ne tsohon samfuri, wanda ake kira 1.4, kuma shi idan aka ce ya tura 4K, hoto 30 kaɗai yake iya turawa a daƙiƙa. Na tausaya masa ƙwarai, domin na san guminsa ne a cikin kwalin nan.

Bari mu fara da ma'anar lambobin. Ku matso ku dubi allon da ke gabanku da kyau. Hoton da kuke gani ɗige-ɗige ne ƙanana, su ake kira fiksel. Wanda ake ce wa Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato kimanin miliyan 2. Na tsakiya, QHD ko 1440p, wanda 'yan kasuwa suka fi kira 2K, yana da 2560 a kwance, 1440 a tsaye, kimanin miliyan 3.7. Shi kuwa 4K, 3840 ne da 2160, kimanin miliyan 8.3, ninki huɗu na Full HD cif.

Amma yawan ɗigo shi kaɗai bai isa ba, sai ka haɗa shi da girman allon. Kwanon gero guda, idan ka shanya shi a faranti zai yi kauri, idan ka baza shi a tabarma sai ka riƙa hango tabarmar. Full HD a inci 24 yana ba da ɗigo kusan 92 a kowane inci, kuma ya wadatar. Ka kai shi inci 27, ya sauko 82, gefen haruffa ya fara yin kaushi. 1440p a inci 27 yana ba da 109. 4K a inci 27 yana ba da 163, a inci 32 kuma kimanin 138.

Ga inda za ka ga bambancin da idonka. Buɗe rubutun Hausa da ƙananan haruffa, ka dubi ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ. A allon da ɗigonsa ya baje, sai ka ƙanƙance ido kafin ka bambance ƙafa da kafa. Ko ka buɗe rubutun Larabci mai wasulla, ka ga ko fataha da shadda suna fitowa daban-daban ko sun cakuɗe. Mai yin awa shida ko takwas yana karatu, ko yana shigar da lissafin buhunan albasa da tumatir na Mile 12 a cikin Excel, shi ya fi kowa sanin darajar wannan tsabtar rubutu. A 1440p za ka ajiye takardu biyu gefe da gefe ba tare da ka matse su ba. A 4K mai inci 27 kuwa rubutu yana ƙanƙancewa har sai Windows ta ƙara masa girma, yawanci zuwa kashi 150 cikin ɗari. Idan aka yi haka, filin aikin da ka samu daidai yake da na 1440p, sai dai haruffan sun fi santsi. Santsin nan gaskiya ne, kuma mai gyaran hoto ko mai tace bidiyon 4K yana da hujjar biyan kuɗinsa. Ba kowa ne ke da wannan hujjar ba.

Yanzu mu zo kan gem, inda aka fi yin asara. Kowane hoto da ya bayyana, katin girafik na kwamfutarka ne ya lissafa kowane ɗigo a cikinsa. A 4K aikin ya ninka na 1440p sau biyu da kwata. Katin da ke ba ka tafiya sumul a 1440p, ka ɗora masa 4K sai ya fara haki, fankarsa na ƙugi, hoto na sarƙewa daidai lokacin da abokin karawarka ya ɓullo. Katin da zai ɗauki 4K a manyan gem na zamani sau da yawa ya fi monitan kansa tsada, kuma irin wannan kwamfuta tana shan wat ɗaruruwa. Tun da aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, kuɗin wuta a Afrilun 2024, duk wanda mitarsa ke cin kati ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle mai dogaro da inbata ko janareto.

Lamba ta biyu da za ka duba ita ce mai Hz a gabanta, wato sau nawa allon ke sabunta hoto a daƙiƙa. A 60, kowane hoto yana zama kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. A 144, ya sauko kusan kashi 7. A takarda kamar ba komai ba, amma ka ja taga ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan a allon 144, sannan ka koma na 60, hannunka ma zai gaya maka. A gem ɗin harbi irin Call of Duty, wannan saurin ya fi yawan ɗigo amfani nesa ba kusa ba. Kuma don Allah idan ka kai shi gida, ka shiga Settings na Windows, System, Display, Advanced display, ka zaɓi lambar Hz ɗin da kanka. Na ga mutane da dama sun sayi mai 144 suna amfani da shi a 60 ba su sani ba. Ka kuma duba ko yana da FreeSync na AMD ko G-Sync na Nvidia, su ke hana hoto yagewa a tsakiya idan saurin katin ya yi sama ya yi ƙasa.

Masu PS5, naku da ɗan bambanci. Na'urar gem ɗin ba ta da ramin DisplayPort, wato ɗayan ramin jona monita, HDMI kaɗai gare ta. Idan 4K kake so da hoto 120 a daƙiƙa, dole monitan ya zama mai HDMI 2.1, domin 2.0 a 60 yake tsayawa. Tun Satumban 2022 kuma Sony ta ba PS5 damar fitar da 1440p kai tsaye, saboda haka monita na tsakiya ya dace da ita sosai.

Nau'in allo kuwa, ba sai mun daɗe ba. IPS launinsa ba ya gushewa ko ta gefe ka kalla, shi ya sa ya dace da ɗakin da abokai ke taruwa a tabarma suna jiran layin ƙwallo. VA baƙinsa ya fi zurfi, yana da daɗin kallon fim da dare, amma wasu suna barin inuwa a bayan abu mai gudu a wuri mai duhu. TN yana da araha da sauri, ka ɗan karkata kai launi ya koɗe. OLED ya fi su kyau duka, ya fi su tsada, kuma abin da ya daɗe a wuri guda a kansa yana iya barin tabo. Rubutun 1ms (saurin canjin ɗigo) da HDR 400 (ƙarfin haske) da ke jikin kwali, kada su sa ka ƙara ko sisi.

Ni dai idan ɗan uwa ya tambaye ni, kuma monita guda zai saya don aiki da rana, gem da dare, amsata ita ce inci 27, 1440p, IPS, 144Hz ko 165Hz. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, ko aljihu bai kai ba, ya ɗauki inci 24 Full HD mai sauri, babu abin kunya a ciki. 4K na mai kati mai ƙarfi ne, ko wanda sana'arsa hoto ce, kuma shi ma na fi so ya ɗauki inci 32.

Ranar saye, ko a Ikeja ko a Alaba, ka tafi da laftof ɗinka da wayar da za ka riƙa jonawa da ita. Kada ka yarda da bidiyon furanni. Ka cika allon da fari zalla, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, kana bin kusurwa-kusurwa da ido. Ɗigon da ya mutu zai fito baƙi a kan fari, wanda ya maƙale zai yi ta haske a kan baƙi. Idan tokumbo ne, ka kashe shi ka haska fitilar wayarka a karkace, ƙarzuwa da tabon danshi za su bayyana, kuma kun san danshin Legas ba ya raga wa kayan lantarki. Ka juya bayansa ka karanta lambar samfurin, ka bincika ta a intanet kana tsaye a wurin, ka ga ko abin da aka faɗa maka ya yi daidai da abin da kamfanin ya rubuta. A nan bayan dai za ka ga ƙarfin wutar da yake karɓa. Tamu a Najeriya volt 230 ce, saboda haka ka tabbata an rubuta 100 zuwa 240, musamman kayan da suka fito daga Amurka. A rubuta maka lambar jikin monitan da kwanakin garanti a rasit, sannan ka ware wani abu don UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko na'urar kare kaya daga tsallen wuta, domin dawowar NEPA da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna.

Wajen komawa gida, a mayar da shi kwalinsa da soson da ya zo da shi. Idan danfo za ka shiga, kada ka bari a tura shi but a ɗora masa kaya. Ka biya kuɗin kujera biyu, ka tsayar da shi a tsaye kusa da kai, fuskar allon tana kallon jikinka.