Wuta-wuta: abin da ke cin masararka tun kafin ka gan shi

Assalamu alaikum manoma, barkanmu da damina. Dan Allah ku kalli wannan gonar da kyau. Masara ce, an shuka ta a kan lokaci, an yi mata noman firi an yi maimai, amma ko ƙugu bata kai ba, ganyen ya yi rawaya ya nannaɗe kamar wadda ta yi sati biyu bata ga ruwa ba, alhali shekaranjiya aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai kuma ga wannan ciyawar mai fure shunayya ta cika kunyoyin, ita kam shar da ita. Wannan ita ce wuta-wuta, wasu wuraren su ce ƙuduji, masu bincike kuma suna kiranta Striga. Duk wanda ya taɓa noma dawa ko gero ko masara daga Kano zuwa Bauchi zuwa Maraɗi ya san ta, kuma ya san takaicinta.

Bari mu tumɓuke tushe ɗaya mu wanke saiwar a cikin roba ku gani. Kun ga waɗannan fararen abubuwan da suka maƙale a jikin jijiyar masarar, kamar tsiron albasa ƙanana? Duk wuta-wuta ce wadda bata fito ba tukuna. Ku ƙirga, ɗaya biyu uku, sun fi goma a tushe ɗaya. Ita wannan ciyawa bata da saiwar kirki ta kanta, huda jijiyar shukarka take yi ta shiga har magudanar ruwa da abinci ta zauna tana zuƙa, kuma takan yi wata ɗaya ko fiye a ƙarƙashin ƙasa tana wannan aikin kafin ta leƙo. Shi ya sa ranar da ka fara ganinta a kunya, yawancin ɓarnar an riga an yi ta. Mutum ya yi ta cirewa yana mamakin me ya sa masarar bata farfaɗo ba, to ai cutar ta riga ta shiga jiki.

Yanzu ga irinta a tafin hannuna. Ba zaka ce iri bane, sai ka ce ƙurar taba. Tushe ɗaya tak idan aka bar shi ya yi fure ya nuna yana iya zubar da iri 50,000 ko fiye, kuma irin nan yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 yana jira bai mutu ba. Abin da yake jira shi ne ya fi bani mamaki a duk labarin nan, don haka a nan zan ɗan tsaya.

Irin wuta-wuta baya tsirowa don kawai an yi ruwa. Ruwan farko da ɗumin ƙasa suna shirya shi ne na kamar sati ɗaya zuwa biyu, daga nan sai ya tsaya sauraron wani sinadari da saiwar dawa ko masara ke fitarwa cikin ƙasa, sunansa sitirigolakton. Da ya ji shi sai ya tsiro, don ya san akwai wanda zai ɗauke shi a kusa. Abincin da ke cikin ƙwayar kaɗan ne ƙwarai, idan ya tsiro bai samu jijiyar da zai kama ba cikin 'yan kwanaki, shikenan ya mutu. A 1966 aka fara gano wannan sinadari a Amurka, kuma a saiwar auduga aka same shi, ku riƙe wannan zamu dawo kansa. To tambayar ita ce me zai sa shuka ta riƙa kiran abin da zai kashe ta? A 2005 masu bincike a Japan suka nuna cewa ba wuta-wuta take kira ba, akwai wata funfuna mai amfani a cikin ƙasa da ke haɗuwa da saiwa tana taya ta jawo abinci musamman fosforas, ita shukar ke yi wa kira. Kuma idan ƙasa ta gaji, ba fosforas ba naitirojin, sai shukar ta ƙara yawan sinadarin don yunwa ta dame ta. Wuta-wuta kuma ta ji ta tashi.

Kaga kenan maganar da iyayenmu ke yi cewa wuta-wuta ciwon matacciyar gona ce, gaskiya suka faɗa. Je ka duba inda Fulani suka yi mashekari da rani, ko ƙarƙashin gawo, ko gonar bayan gida da ake zuba mata shara da toka, ka gwada da gonar daji da aka shekara goma ana zuba mata dawa a kan dawa ba taki ba hutu. Da can ana barin gona ta huta shekaru, yanzu mutane sun yi yawa gonakin gado an rarraba, ba mai iya barin ko kadada ɗaya. Ni abin da ke ci mini rai shi ne wanda bashi da kuɗin taki shi ta fi kamawa, wato talaka ne ke biyan kuɗin wannan ciyawa.

To me bincike ya kawo? Mu koma kan audugar nan. Auduga tana fitar da sinadarin, irin wuta-wuta ya ji ya tsiro, amma ba zai iya kama saiwarta ba sai ya mutu a banza. Haka waken suya, haka gyaɗa. Wato idan ka cire masara ka zuba waken suya a gonar da ta kamu, kana yaudarar irin da ke kwance ne yana tashi yana mutuwa, ga shi waken yana ƙara wa ƙasa naitirojin, ga kuɗi a kasuwa. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa IITA mai hedikwata a Ibadan da reshe a Kano ta yi wannan aiki da manoma a kudancin Borno, wajajen Biu da Hawul, da irin waken suya mai suna TGx 1448-2E, shekara ɗaya wake shekara ta gaba masara mai jure wuta-wuta. Amma kar wani ya ce maka damina ɗaya ta gama da ita, irin da ya taru shekara da shekaru ba zai ƙare a shuka guda ba, ragewa ake yi a hankali, kuma ba kowane irin waken suya bane ke da ƙarfin tayar da ita iri ɗaya, don haka a tambayi malamin gona.

Sai maganar iri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wato IAR da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 1922 ake bincike a wurin, ita ke fitar da masarar da kuke ji ana ce wa SAMMAZ da dawar SAMSORG da waken SAMPEA. A masara akwai SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16 waɗanda aka yi su don su jure wuta-wuta. A dawa kuma akwai wani masani ɗan Habasha, Gebisa Ejeta, da ya yi aiki a jami'ar Purdue a Amurka, ya samar da dawar da saiwarta bata cika tayar da irin wuta-wuta ba, har aka bashi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009. Amma akwai bambancin da nake so ku gane. Iri mai jurewa, wuta-wutar zata kama shi ta fito, shi dai zai daure ya baka amfani. Idan ka ga buhu ya cika ka ƙyale ta ta yi fure, ka ƙara wa gonarka bashi ne na baɗi da baɗin waccan. Irin ya saya maka lokaci, aikin cirewa yana nan.

Wake ma yana da tasa wuta-wutar daban, gajeriya ce ta fi ta masara ƙanƙanta, ita bata taɓa masara, ta masara kuma bata taɓa wake. SAMPEA 10 na cikin irin da aka fitar don ita.

Taki fa? Na san farashin buhun kamfa da yuriya ya sa da yawa sun haƙura, ba sai an faɗa ba. Masu bincike na cibiyar ICRISAT mai binciken noman yankuna masu ƙarancin ruwa a Sadore kusa da Yamai sun gwada wata dabara a gonakin gero, maimakon a watsa taki a gona gaba ɗaya sai a sa ɗan kaɗan a kowane rami lokacin shuka, kamar giram 6 na kamfa, kusan cikin murfin kwalbar lemo, a gefe kaɗan kar ya taɓa irin ya ƙona shi. Shukar da ta samu fosforas tun tana jaririya bata kiran da mai yunwa ke yi, kuma tana saurin rufe ƙasa da inuwa, wuta-wuta kuwa bata son inuwa. Idan aka haɗa da takin gida ruɓaɓɓe ya fi, nace ruɓaɓɓe don dabbar da ta yi kiwo a gonar da ta kamu tana iya kawo maka irin a kashinta. Haka garmar shanu da tarakta da aka yi haya daga gona zuwa gona, haka irin da aka auno a kasuwa wanda aka sheƙe shi a ƙasa a gonar da ke cike da ita, bincike ya nuna wannan na cikin manyan hanyoyin da take shiga sabuwar gona.

Akwai ƙasar da ta kusa gamawa da ita kuwa? Akwai. A 1956 aka ga wata 'yar'uwarta mai jan fure a gonakin masara na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Gwamnati ta killace yankin, aka hana fitar da ƙasa da kayan aiki sai an wanke, aka riƙa ɗura iskar etilin a cikin ƙasa don irin ya tsiro ba shuka a kusa ya mutu, dabarar auduga ce dai amma da inji. Duk da kuɗinsu da kayan aikinsu sai da suka kwashe shekaru gommai. A Kenya kuma cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta fito da shuka wata ciyawa dangin wake mai suna Desmodium a tsakanin layukan masara, tana danne wuta-wuta tana zama abincin dabbobi, akwai kuma masarar da ake shafa wa irinta maganin ciyawa na imazapyr ta yadda duk wadda ta kama saiwar da wuri zata mutu.

Mu dawo gonar da muka fara da ita, don mai ita yana tsaye yana jiran a ce masa me zai yi yau. Masarar bana sai abin da Allah ya bayar, amma furen nan bai gama nuna ba, kuma tsakanin fure da zubar iri 'yan makonni ne kawai. A kira yara da maƙwabta a bi kunya kunya a tuge ta da hannu, bayan sati biyu a sake zagayawa don wasu zasu fito, har bayan girbi a duba don takan ci gaba da fure a tushen karan dawa. Ka yi wa maƙwabcin gonarka magana ku yi tare, iska da ruwan sama basu san iyaka ba. Kuma dan Allah kar a tuge a yar a kan kunya ko a watsa wa awaki yadda aka saba, wadda ta riga ta yi fure ko an cire ta irin yana iya ƙarasa nuna a jikinta. A zuba a buhu a hankali kar a kakkaɓe, a kai gefe guda a tona rami a ƙone ta a ciki.