Daga Kaka Zuwa Damina: Shekara Guda a Firamaren Coci a Ƙauyen Kano

Ƙarar da kuke ji ta tsohon ƙarfen tayar mota ce, an rataye shi a reshen darbejiya. Yaron aji shida ne ke dukan sa da guntun ƙarfe, ƙarfe bakwai da rabi na safe. A nan shi ne ƙararrawa. Kafin ƙarar ta mutu, yara sun fito ta kan burtali, wasu da tsintsiya a hannu, wasu da littafi cikin leda.

Makarantu irin wannan suna nan a ƙauyukan Kano, ta wajen Sumaila da Tudun Wada da Doguwa da Rogo, inda ake da Hausawa Kirista, da yawansu jikokin Maguzawa. Galibi a gefen majami'a ake gina su, kuma ikkilisiya ce ke riƙe da su. Tushen abin ya daɗe. Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) sun iso Najeriya a 1893, ikkilisiyar ECWA da ta fito daga aikinsu ta kafu a 1954, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa ya fito tun 1932. Da littafin ya samu, sai aka buƙaci masu karanta shi. Daga nan allo da alli suka bi bayan majami'a.

Ma'aikatar ilimi ta raba shekara zango uku. Amma duk malamin da ya koyar a ƙauye ya san gona ma tana da nata jadawalin, kuma ita ba ta jiran kowa.

Zangon farko yana farawa a Satumba, daidai an shiga kaka. An yanke gero, gyaɗa na jiran cira, wake na tafe, dawa sai can Nuwamba. Rajista ta cika da sunaye, benci kuwa rabi. Hedimasta ba ya zama a ofis. Da yamma yana bin gida gida: "Baba, a bar mana shi zuwa ƙarfe ɗaya, in an tashi sai ya same ku a gona." Wani uban ya yarda, wani ya ce sai an kai amfani rumbu. Ba ƙin karatu ba ne, hannu ne bai isa ba.

Kakar nan kuma ita ce ke ciyar da makarantar. Gwamnati ba ta biyan malaman nan albashi. Ɗan kuɗin makaranta da iyaye ke biya da baikon ikkilisiya su ne komai. Ranar godiyar girbi za ka ga damin dawa da kwanon wake da buhun masara a jere gaban majami'a, zumuntar mata na waƙa. Uwar da ba ta da kuɗi a hannu ta auno gyaɗa tiya biyu ta aika wa malama. Ni a ganina babu abin da ya fi wannan nuna cewa makarantar ta mutanen gari ce.

Kowace safiya da addu'a ake buɗewa, sai waƙa, sai taken ƙasa, sai ayar haddacewa ta mako. Ku saurari yadda suke karanta Zabura ta 23, wadda ke maganar makiyayi. Ba sai an yi musu dogon bayani ba. Rabin ajin nan jiya da yamma suna bayan awaki, sun san wahalar neman ciyawa da ruwa, sun san abin da sanda ke yi a hannun mai kiwo.

Bayan haka karatu ne irin na kowace firamare: lissafi, Turanci, Hausa, kimiyya, zamantakewa, da ilimin addinin Kirista.

Disamba na shigowa da hunturu. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara sun sha man kaɗanya suna ƙyalli. Jarrabawa da safe, gwajin wasan Kirsimeti da yamma. Mala'iku da farin zanen iyayensu, Yusufu da rawanin aro, jariri kuwa 'yar tsana ce a naɗe cikin komin dabbobi na gaske. Tumakin makiyayan ma na gaske ne. Daren wasan har maƙwabta Musulmi kan leƙo kallo, kamar yadda su ma ake kai musu gaisuwar Sallah.

Zango na biyu, Janairu zuwa Afrilu, shi ne zangon da malami ke so. Gona ta huta, aji ya cika. A nan ne ɗan aji biyu ke tashi daga ba, bi, bu zuwa haɗa kalma. Ku dubi yarinyar nan. Yatsanta na bin layi a hankali, bakinta na motsi kafin murya ta fito. Da daddare a tsakar gida kakarta za ta miƙo mata littafi, a haska fitila: "Zo, 'yar nan, karanta mini inda Fasto ya karanta ranar Lahadi." Tsohuwar ta yi shekaru tana jin maganar nan daga bakin wasu. Yau daga bakin jikarta take ji, tana gyara mata inda ta yi tuntuɓe, don ita ta haddace tun ba a haifi uwar yarinyar ba.

A zangon nan ake gasar wasanni, da gudun buhu da langa. Sai bazara ta kama, kwanon rufi ya zama murhu, a kwashe benci a koma gindin mangwaro. Hutun Ista ne ke rufe shi.

Zango na uku gajere ne, kuma shi ya fi wuya. Ran 27 ga Mayu ana faretin Ranar Yara, an wanke yunifom an goge da dutsen guga na gawayi. Ba da jimawa ba ruwa ya sauka. Shuka, noman fari, maimai, duk suna son hannu. Rafi ya kawo, yaran ƙetare su kwana biyu ba su zo ba. Sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da wasu. Cikin wannan hali 'yan aji shida ke shirin jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, malaminsu na tsayar da su bayan tashi ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko haƙƙin kowane yaro ne. Amma ƙaramar sakandare sau da yawa tana wani gari, sai da keke ko masauki wurin dangi, kuma a wannan gaɓar ne aka fi rasa 'yan mata. Shi ya sa Fasto da shugabar zumuntar mata ke fara zaga iyaye tun sakamako bai fito ba.

Ƙarshen Yuli ake rabon sakamako a cikin majami'a. Kyautar na ɗaya littafin rubutu ne da biro da sabulu. Iyaye sun zo kai tsaye daga gona, laka a ƙafa, fartanya a jingine a bakin ƙofa. Aka kira sunan yarinyar nan ta aji biyu. Kakarta ce ta fara rangaɗa guɗa.